Irin da Ke Cikin Baƙar Randa

Da faɗa suka fara.

A watan Maris na shekarar 1975, lokacin da man fetur ya yi wuya har direbobi ke wuni a layi, Martina na zaune a ofishinta na jami'a a Samaru tana buga tafireta. Wani dogon saurayi ya shigo sanye da farar rigar ɗakin gwaji, ya ajiye mata takardu a kan tebur, ko sallama babu.

"Gobe nake so," ya ce.

Martina ta ɗaga takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Kai ka rubuta wannan, ko kaza ce ta yi tono a kai?"

"Sunana Toma. Daga ɗakin Dokta Akinola nake."

"Ban tambaye ka suna ba. Gaisuwa nake jira, har yanzu ba ta iso ba."

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya gaishe ta, ya jawo kujera, ya zauna yana karanta mata rubutun nasa tana bugawa.

A nan ta ji aikin da suke yi. Suna so su fitar da barasa mai cin wuta daga ruwan rake, a zuba wa inji a madadin fetur. Abin da ke juya zaƙi ya zama barasa shi ne yisti, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Nasu daga Turai ake kawo shi cikin kwalabe. Da ya sha zafin Zariya kwana uku, sai ya daina aiki.

"Sau goma sha ɗaya na buga 'ya mutu' a shafi uku," in ji Martina. "Ɗakin gwaji gare ku ko maƙabarta?"

Ran Toma ya ɓaci. "Ke me kika sani game da yisti?"

"Ban san na Turawa ba. Na uwata na sani. A watan Afrilu, a ƙarƙashin kwano, inda ko kare ba ya iya kwanciya, randarta tana kumfa kamar an hura mata wuta."

Sai da maganar ta fita ta ciji leɓe. Shekara biyu tana ofishin nan, ba wanda ta taɓa gaya wa cewa uwarta, Mama Bibiana, burkutu take yi a Sabon Gari. Ta jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye takardar ya ce, "Sake faɗa mini. A hankali."

Tun daga ranar aikin Toma ya yawaita a ofishinta. Wani lokaci shafi ɗaya tak zai kawo. Ran nan ta buɗe takardunsa ta tarar da wata ƙarama a naɗe a tsakiya.

"Malama Tafireta, na gyara rubutuna saboda ke. Duba ki gani, kazar ta bar aiki. Ranar Asabar zan jira ki a bakin ƙofar jami'a da ƙarfe huɗu. In ba ki zo ba, ina nan tsaye har Litinin. Naki, Toma."

Ta buga masa amsa da tafireta, layi biyu.

"Sarkin Kwalabe, kada ka tsaya har Litinin, za a ce taɓin hankali ne. Huɗu da rabi. M."

Suka riƙa fita. Yakan ɗauke ta a keke daga Samaru har Kwangila, ta hau bas daga can, domin ba ta yarda ya raka ta gida ba. Yakan saya mata rake ya fere mata da 'yar wuƙarsa, ya ce rabin da ta rage na inji ne. Takan ce masa bai iya hira ba, ko maganar so ya fara sai ta ƙare a kwalba.

"Tina, ke kaɗai ce kike zagina in tafi gida ina murmushi."

"To ka ci gaba da zuwa. Ban ƙare ba."

Wata biyu bai sake tayar da maganar randa ba. Ran da ya tayar, ya yi ta a sunkuye.

"Cokali ɗaya kawai, zuciyata. In ya jure zafi kamar yadda kika ce, aikin shekara uku ya tsira."

Martina ta san abin da yake roƙo ya fi cokali nauyi. A gidansu akwai wata tsohuwar baƙar randa a kusurwar rumfa. A gindinta wani farin laka yake kwance, shi suke kira iri. Da shi ake tayar da kowace sabuwar giya. Kakar Martina ce ta zo da shi daga ƙauyensu na kudancin Zariya, a cikin ƙoƙo, ran da aka kai ta ɗakin miji. Dokarsa ɗaya ce. Uwa ke ba 'yarta ranar aure. Ba a sayar da shi, ba a ba maƙwabciya, ba a ba namiji. Mama Bibiana ta hana 'yarta koyon sana'ar, ta tura ta makarantar sistocin coci, amma ta sha gaya mata, "Ko ba za ki dafa ba, naki ne. Ranar da za ki bar gidan nan da shi za ki fita."

Wata Laraba da rana, Mama ta tafi kasuwa sayen dawa. Martina ta wanke wata kwalbar magani, ta zura ludayi a randar, ta ɗebo. Ta toshe kwalbar ta ɓoye. Ta san sata ce.

Irin bai ba ta kunya ba. Toma ya raba shi, ya zaɓi mafi ƙarfi, ya ƙara masa zafi, ya sake zaɓa. Na Turai ya mutu a gefensa, shi yana aiki. Kafin damina ta yi nisa, sun tayar da injin ban-ruwa da abin da ya fito daga ruwan raken Maƙarfi. Toma ya shigo ofishinta da baƙin mai a goshi, ya ce, "Ki zo gidanmu ranar Lahadi. Baba zai gan ki."

Baban Toma, Malam Uba, mai bishara ne a Palladan. Shekara talatin yana wa'azi a kan giya. Ya karɓe ta a zaure da Littafi a kan cinya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar marigayi Markus, Baba. Na reluwe."

"Uwarki fa, me take yi?"

Ta dubi Toma. Toma ya dubi ƙasa.

"Burkutu take yi, Baba. A Sabon Gari."

Malam Uba ya rufe Littafin. "Na binne mutum uku da wannan ruwan ya kashe. Na raba faɗan mata da miji da ba ya ƙirguwa. Ɗana ba zai ci tuwon da aka tuƙa a gidan giya ba. Tashi ki tafi, yarinya, ba ki yi mini laifi ba."

A hanya ba ta yi kuka ba. Ta ce da Toma, "Bakinka ina ya tafi?"

"Ki ba ni lokaci. Baba ba a yi masa gaggawa."

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Mama Bibiana ta riga ta ji labarin saurayin.

"Ɗan wannan mutumin? Wanda ya taɓa tsayawa a bakin layin nan yana kiran mu 'yan wuta? Ga Sebastian, akawun reluwe, ɗan cocinmu, kullum yana zuwa yana gaishe ni. Ba ki gan shi ba sai ɗan mai wa'azi?"

"Mama, ba Sebastian nake so ba."

"So. Da so na ciyar da ke?"

Duk da haka Martina ta jure. Abin da ba ta jure ba ya zo ne a watan Satumba, a kan teburinta. Dokta Akinola ya aiko da babban rahoton da za a kai Legas, ya ce a buga kwafi biyar. Rubutun Toma ne, mai tsabta yanzu. Ta yi shafi huɗu tana murmushi. A shafi na biyar yatsunta suka tsaya.

Da Turanci aka rubuta, amma ba ta buƙaci a fassara mata ba. An ce yistin da ya jure zafi, wanda aka ba lamba bakwai, an samo shi ne daga ruwan da ke kwance a wata kwata a Sabon Gari.

Ta karanta sau biyu. Ta zare takardar da ƙarfi har tafiretar ta yi ƙara. Ta ratsa farfajiya, ta tura ƙofar ɗakin gwaji. Toma na tsaye shi kaɗai a gaban kwalabensa.

"Kwata," ta ce.

Ya ga takardar a hannunta, fuskarsa ta sauya.

"Tina, ki saurare ni."

"Uwata kwata ce?"

"Ba haka nake nufi ba. Baba yana karanta duk abin da na rubuta. Yana kai wa dattawan ikilisiya su gani. In ya ga gidan burkutu da sunana a takarda ɗaya, maganar aurenmu ta mutu. Don mu na yi."

"Don mu. Kakata ta ɗauko shi a ka, tafiyar kwana biyu. Uwata ta riƙe shi shekara ashirin da shida, ko sau ɗaya bai mutu ba. Ku da firijinku da digirinku kun kasa riƙe naku kwana uku. Na yi mata sata saboda kai. Sai ka rasa inda za ka ce ka same shi sai inda ake zubar da ƙazanta?"

"Kalma ɗaya ce kawai."

"Ni ce mai buga kalmomi, Toma. Na san abin da ɗaya take yi."

Ta ajiye masa takardar a kan tebur. Ta ce ya nemi wata ta buga masa, yatsunta ba za su taɓa shafin nan ba.

Washegari ta tarar da wasiƙa a ƙarƙashin tafiretarta.

"Tina, zuciyata, ban ci abinci ba tun jiya. Na yi kuskure. Ki bar rahoton ya tafi a haka, in an ɗaura aure zan gyara. Wa zai sani? Naki har abada, Toma."

Ta juya bayan takardar ta buga amsa.

"Malam Toma, ni na sani. Kada ka sake kirana zuciyarka. 'Yar kwata."

A ranar ta gaya wa uwarta komai, har satar. Mama Bibiana na tsaye tana juya ƙullu da muciya. Ba ta daina juyawa ba.

"Namiji kika ba."

"E, Mama."

"Kafin aure."

"E."

"Da kin tambaye ni, da na gaya miki abin da za su kira shi." Ta buga muciyar a bakin tukunya. "Matsa, kin tare mini haske."

Mako uku ba ta ƙara yi mata maganar da ta wuce gaisuwa ba. Sebastian ya ƙara yawan zuwa, da gugaggen wando da takalmi mai sheƙi. Martina takan kawo masa ruwa ta koma ɗaki.

Sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Mama Bibiana, aka ba ta gado a asibiti. Kwana na uku ta kama hannun 'yarta.

"Irin nan yana cin abinci kamar mutum. Duk kwana uku ki dafa ƙullun tsiron dawa kaɗan, ki tace, ki zuba masa. Kada ki bar wata ta taɓa randar."

"Na ji, Mama."

Ba ta faɗi sauran ba, domin a wurinta ko yarinyar da aka yaye ta san sauran. Amma Martina makarantar sistoci ta yi. Da safe ta dafa ƙullu, ta tace, ta duba agogo ta ga bas zai wuce ta. Ta tuna yadda Toma ke bugun ƙirji yana cewa irin nan ba ya tsoron zafi. Ta ɗauki tukunyar daga kan murhu da tsumma, ta juye ta a randa tana tururi, ta rufe, ta tafi ofis.

Da ta dawo, randar shiru. Washegari ma shiru. Kwana uku bayan haka wani kore-kore ya fito a sama, da wari irin na ruɓaɓɓen tuwo.

Ran da aka sallamo Mama, ko ɗaki ba ta shiga ba. Ta nufi rumfa tana dafa bango, ta buɗe randar, ta sunsuna. Ta zura hannu har gwiwa, ta fito da shi, ta duba.

"Da zafi kika zuba."

"Mama, an ce yana jure..."

"Ana jira sai ya huce, sai kin iya sa gwiwar hannunki a ciki. Wa ya ce miki?" Ta zauna a ƙasa, a wurin, da zanen asibiti a jikinta. "Uwata ta mutu sau biyu ke nan."

Sebastian ya iso da lemo a leda yana yi mata sannu. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi murmushi.

"Mama, ai abin bai kai haka ba. Gidan burkutu nawa ne a layin nan? In karɓo miki na wata. Ko ma dai ki huta. Surukar akawun reluwe a ce tana dafa giya, ai bai dace ba. Wataƙila Allah ne ya rufe ƙofar."

Mama Bibiana ta ɗago ta dube shi tun daga takalmi har kai.

"Shekara biyu kana shan nawa a bayan rumfa kyauta. Yau ne bai dace ba? Ɗauki lemonka."

Martina ba ta tsaya ganin fitarsa ba. Ta ɗaura ɗankwali ta hau bas zuwa Samaru. Duk tsawon hanya tana jin haushin kanta, tana jin haushin Toma, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne wurinsa za ta.

Ta same shi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ba sulhu na zo yi ba," ta ce. "Kayan uwata na zo karɓa. Na kashe na gida."

Ta gaya masa yadda aka yi. Ya dafe kai.

"Zafin rana na ce, Tina. Ban ce tafasasshen ruwa ba."

"Yanzu na sani. Yana nan ko ba ya nan?"

Ya buɗe firiji. Kwalabe ne jere, kowace da lamba. Ya wuce su duka, ya zaro wata daga can baya. Kwalbar maganin nan ce, tata.

"Waɗancan na tace su, na zaɓe su, sun zama na inji. Wannan ban taɓa shi ba. Yadda kika kawo shi yake. Duk mako ina ba shi ƙullu."

Ta miƙa hannu. Bai ba ta ba.

"Ke kika fito da shi a ɓoye. Ni zan mai da shi a fili. Gobe da ƙarfe goma."

"Kai? Kai da ko layinmu ba ka taɓa takawa ba?"

"Gobe da goma."

"In ka makara da minti ɗaya, na zo na fasa firijin nan."

Asabar ce, layin ya cika. Mata na shanya tsiro a tabarmi, masu sha na zaune a benci a gidajen maƙwabta. Goma saura kaɗan hira ta ɗauke daga bakin layi, gida bayan gida. Martina ta leƙo. Toma ne tafe da farar rigarsa ta aiki, ya rungume ƙwarya a rufe da faifai. A bayansa Malam Uba, da sanda da Littafi a hammata, yana tafiya kamar mai taka ƙaya.

A bakin ƙofa tsohon ya tsaya cak.

"Ba zan shiga ba," ya ce. "A kira mini mai gidan."

Mama Bibiana ta fito tana dafa kafaɗar 'yarta.

"Wa'azi ka zo yi? Ka makara. Randar ta riga ta mutu."

"Ba wa'azi ba ne." Ya nuna Toma da sanda. "Jiya wannan ya zo ya gaya mini abin da ya rubuta. Ya ce tsorona ne ya sa shi. Ni na koya masa ƙin giya, ban koya masa ƙarya ba. Ya ɗauki abin matar da mijinta ya rasu, ya ci amfaninsa, ya ce a kwata ya tsinta. Kuma da sunana ya yi. Ban yi barci ba." Ya juya ga ɗansa. "Karanta. Da ƙarfi. Da Hausa, kowa ya ji."

Toma ya ajiye ƙwaryar, ya zaro takarda daga aljihu. Ya karanta da ƙarfi.

"An samo wannan yisti daga randar burkutu ta Uwargida Bibiana Markus, a Sabon Gari, Zariya. Ita ta gaje shi daga mahaifiyarta, ita ta raya shi shekara ashirin da shida a cikin zafin da ya kashe duk waɗanda muka gwada. An ɗauke shi ba da saninta ba. Mai wannan rubutu ya fara faɗin wani abu dabam, kuma ƙarya ce."

Ya naɗe takardar. "Dokta Akinola ya ce layi biyun ƙarshe ba a sa irinsu a rahoto. Na ce in an cire su a cire sunana. Rahoton bai tafi ba, Mama. Ba wadda na ba ta buga."

Ya durƙusa a ƙasa, a gaban mutanen layi, ya tura ƙwaryar gabanta.

Mama Bibiana ba ta ce ta yafe ba. Ta ɗaga faifan, ta ɗauki kwalbar, ta buɗe ta sunsuna. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta daɗe idonta a rufe.

"Shi ne," ta ce. "Ka ba shi abinci da kyau." Ta dubi Martina. "Ya fi ki."

Ta sa aka wanke randar, aka dafa sabon ƙullu. Ta kama hannun 'yarta ta tsoma gwiwarsa a tukunya sau uku, sai a na ukun ta ce ya yi. Sannan ta juye kwalbar. Duk wannan lokaci Malam Uba na tsaye a rana. Ta aika masa da kujera, ya ƙi zama. Ta aika da ruwa a kofin gilashi, don ya ga ruwa ne. Ya sha.

Sai bayan azahar Martina, da ke tsugune a gaban randar, ta ji wani ɗan sauti, siririn shuuu kamar yayyafi a kan ciyawa. Ta ɗaga faifan. Farin kumfa ya fara taruwa a gefe. Toma na bayanta.

"Tina."

"Ban huce ba."

"Na sani. Zan jira har sai na iya sa gwiwar hannu."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye. "Sarkin Kwalabe. Ba ka da kunya."

A bakin ƙofa tsofaffin biyu suka yi tasu, a tsaye.

"Ra'ayina a kan sana'arki bai sauya ba," in ji Malam Uba.

"Nawa a kanka ma haka."

"Amma yarinyar da ta dube ni ta faɗi aikin uwarta, alhali ɗana na kallon ƙasa, ina so ta shigo gidana. Ina roƙa wa Toma."

"Da sharaɗi. Ranar aure da irin za ta fita. Haka muke yi."

Tsohon ya ɗaure fuska. "Giya a gidan ɗana?"

"Ba ta iya dafawa ba, ka dai ji abin da ta yi wa randa."

Ya juya sandarsa. "In inji ne zai sha, babu ruwana. Inji ba shi da rai da zai hallaka. Amma a wurin biki ba za a zuba ko ƙoƙo ɗaya ba."

"A naka gefen. Nawa gefen, nawa ne."

A kan haka suka rabu, kowa na ganin shi ya ci.

Ranar Litinin Martina ta buga shafi na biyar da hannunta, kwafi biyar, ba kuskure ko ɗaya. Inda aka sa lamba bakwai, Dokta Akinola ya soke da biro ya rubuta Bibiana.

An ɗaura auren a watan Disamba. Mutanen Palladan suka zauna a dama suna shan kunun zaƙi, mutanen Sabon Gari a hagu suna shan abin da suka zo da shi, aka yi waƙa tare. Da za a tafi da amarya, Mama Bibiana ta fito da sabon ƙoƙo a rufe. Toma ya miƙa hannu biyu zai karɓa. Ta buge hannun.

"Ba kai na ba. 'Yata na ba. In kana so, ka roƙe ta. A fili."

Ta ɗora ƙoƙon a tafin Martina, ta rufe hannayenta da nata. "Uwata ta ba ni, na ba ki. Ki ci da shi, kada ki ƙona shi. Haka mijin."

Malam Uba ya ɗora hannu ɗaya a kan ɗansa, ɗaya a kan surukarsa. Bai yi doguwar addu'a ba.

"Ubangiji ya sa albarka a gidanku. Ya ba ku 'ya'ya masu faɗin gaskiya. Ya hana ku jin kunyar iyayenku."

Jama'a suka ce amin, dama da hagu. Martina ta shiga mota da ƙoƙon a cinya. Toma ya sunkuyo ya ce, "Zuciyata, cokali ɗaya?"

"Ka rubuto," ta ce. "In rubutun ya karantu, zan duba."